Shin Sauƙin Tafiya Yana Rage Lada?

Babu ko taku ɗaya na layin dogo a jihar Sakkwato. Layin da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, kuma har yau bai ƙara gaba ba. Domin gyaɗa da auduga aka yi shi, da ya kai inda suke sai aka ajiye diga da shebur. Shi ya sa ana iya haifar mutum a Tambuwal ko Kebbe, ya girma, ya ga jikokinsa, bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Abin hawansa babur ne, da ƙaramar motar haya da ake cusa mutum biyu a gaba huɗu a baya, da manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Jega.

Duk da haka, a waɗannan garuruwa akwai mutanen da suka ga jirgin ƙasa na zamani da idonsu, irin wanda ba ya shan mai kuma ba ya hayaƙi. Alhazai ne. A Mina suka gan shi yana wucewa a kan doguwar gada, sama da fararen tantuna, yana kwasar mahajjata zuwa Arfa. Wasu kuma, musamman masu zuwa Umara, sun sayi tikiti sun hau ɗan'uwansa mai gudu tsakanin Makka da Madina.

Idan suka dawo gida, aka taru a zaure ana barka da sauka, ana rabon dabino da zamzam, labarin jirgin yakan fito. Nan ne wani dattijo zai gyara zama ya ce, “Hajjin yanzu ai hutu na.” Ba da wasa yake faɗa ba. Ya ji labarin kakanninsa da suka tafi gabas a ƙasa, suka yi shekaru kafin su dawo, wasu ma ba su dawo ba. Tambayar da ke ransa ita ce: wanda ya zauna a kan lallausar kujera cikin sanyin na'ura, jirgi ya kai shi Arfa cikin minti ashirin, shin ladansa ɗaya da wanda ƙafarsa ta faffashe a hanya? Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin amsarta ba a Makka kaɗai take aiki ba. Tana da alaƙa da yadda mutanen Tambuwal da Kebbe ke kallon wahalar da suke sha a hanyoyinsu na gida.

Jirgin da ba ya ɗauke da mansa

Jirgin lantarki ba sabon abu ba ne a duniya. A 1879 kamfanin Siemens ya nuna ɗan ƙaramin kan jirgi mai aiki da lantarki a wani baje koli a Berlin ta ƙasar Jamus, kuma tun 1925 irin wannan jirgi ke jigilar ma'aikata a birnin Mumbai na Indiya. Bambancinsa da mai amfani da dizal kamar bambancin mai shagon da ke da janareta ne da wanda ke dogara da wutar layi. Na dizal yana tafe da tankinsa da injinsa, yana samar wa kansa ƙarfi. Na lantarki kuwa wani hannun ƙarfe ne a kan rufinsa ke gogar wayar da aka rataya a sama, ko kuma ya zuƙi wuta daga wani dogo na uku da aka shimfiɗa a gefen biyun da yake takawa.

Wannan ne ya sa ya dace da jigilar yau da kullum a manyan birane, inda tashoshi ke kusa da juna. Yana tashi da sauri, yana tsayawa da sauri, ba ya turnuƙe tasha da hayaƙi, kuma idan ya taka birki injinansa na iya mayar da wani kaso na wutar cikin waya domin wani jirgin ya amfana. A yawancin jiragen birane na yanzu ma ba kai guda ke jan taragu ba, an rarraba injinan ne a ƙarƙashin taragun.

Jirgin Masha'ir da alhazai ke gani ya fara aiki a Hajjin 2010. Tsawon layinsa kilomita 18 ne da 'yan kai, da tashoshi tara: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. Kowane jirgi yana da tarago 12, yana ɗaukar kimanin mutum 3,000, kuma an tsara layin ya iya kwashe mutum 72,000 cikin awa ɗaya. A shekara kwanaki kaɗan yake aiki, na aikin Hajji, sannan a rufe shi sai baɗi. Jirgin Haramain kuwa an buɗe shi a 2018. Yana cin kilomita kusan 450 tsakanin Makka da Madina, ta Jidda, da gudun da ke kai kilomita 300 a awa, cikin awa biyu da 'yan mintoci. Wannan tafiyar ce ta ɗauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa fiye da mako guda a Hajjin bankwana.

A Najeriya, layin fasinja mai aiki da lantarki shi ne na Legas da ake kira Blue Line, wanda ya fara ɗaukar mutane ranar 4 ga Satumba, 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 da tashoshi biyar. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 dizal yake sha, haka ma Red Line na Legas da ke tsayawa a Agege, tsohon zangon Hausawa. Ke nan ɗan ciranin Kebbe da ke neman kuɗi a Legas shi ne mutum na biyu, bayan alhaji, da zai iya ba da labarin jirgin lantarki a gida.

Hanyar gabas

Dattijon da ya yi tambayar yana da hujja a tarihi. Kafin jirgin sama, maniyyaci daga ƙasar Sakkwato yakan yi sallama da danginsa irin ta wanda ba ya sa ran dawowa. Ya bi ta Kano, ya ratsa Borno, ya shiga ƙasar Chadi ta birnin da yanzu ake kira Njamena, ya wuce Abeshe, ya faɗa Darfur ta Janaina da Fashir, ya nufi bakin Bahar Maliya a Sawakin, sannan ya tsallaka Jidda. Idan guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago ko koyar da yara karatu, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Bayan 1925, gonakin auduga na Jazira a Sudan sun riƙe dubban irin waɗannan matafiya, wasu na shekara biyu, wasu har ƙarshen rayuwa.

A 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kama wannan hanya ta gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutanen har bakin kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau ana jin Hausa da Fulatanci a cikinsa. Duk wanda ya san wannan tarihin ba zai raina wanda ya ce tafiyar da ta fi ta yanzu nauyi ba.

Akwai dalilin fiƙihu da ya sa mutanenmu suka yi fice wajen tafiya a ƙasa. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan Tambuwal tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a garin, samun abin hawa ba sharaɗi ba ne na wajabcin Hajji. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya fassara ikon zuwa da abubuwa kamar hanya mai aminci, da guzuri, da lafiyar jiki, da ƙarfin isa Makka ko a kan dabba ko a ƙasa. Sauran mazhabobi sun sa abin hawa cikin sharuɗɗa. Don haka Bamalike mai ƙarfin ƙafa, wanda ke da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, yana ganin farilla ta hau kansa.

Sai dai akwai abin da ake mantawa. Waɗannan matafiya ba su taɓa ƙin abin hawa don neman ƙarin lada ba. Da layin dogon Sudan ya isa Ubayyid wajen 1912, mai kuɗin tikiti yakan hau jirgi ya ƙarasa bakin teku. Da motoci suka fara ratsa Chadi, aka hau motoci. Da jiragen sama suka fara jigila daga Kano a shekarun 1950, aka hau jiragen sama. Haka abin yake a sauran ƙasashen Musulmi. Layin dogon Hijaz da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya fara a 1900, ya isa Madina daga Dimashƙa a 1908, da gudummawar Musulmin duniya aka gina wani kaso nasa, kuma ya mayar da tafiyar kwana arba'in ta koma ƙasa da mako guda. Mutane sun ba da kuɗinsu ne suna neman lada a kan sauƙaƙa wa mahajjata hanya.

Abin da nassi da malamai suka nuna

Masu ganin wahala tana ƙara lada suna da abin kafa hujja. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da Nana A'isha za ta fita Tan'im ta ɗauko haramar Umara, Annabi ya sanar da ita cewa ladanta gwargwadon gajiyarta ne ko abin da ta kashe. Muslim ya ruwaito labarin Banu Salima, dangin da suka so su taso daga unguwarsu mai nisa su dawo kusa da masallaci, aka umarce su da su zauna inda suke domin ana rubuta musu takunsu. Suratul Hajji ma, inda ta ambaci masu amsa kiran Annabi Ibrahim, masu zuwa a ƙasa ta fara ambata kafin masu zuwa a kan raƙuma.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai ruwayoyi masu ƙarfi iri ɗaya. Annabi ya ga wani tsoho yana tafiya da ƙyar, 'ya'yansa biyu suna riƙe da shi, aka ce masa ya yi alwashin zuwa Ɗakin Allah a ƙasa ne. Sai ya bayyana cewa Allah ba Ya buƙatar mutumin nan ya azabtar da kansa, ya umarce shi da ya hau abin hawa. Ya ga wani mai suna Abu Isra'ila tsaye cikin rana, ya yi alwashin ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Aka ce ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Azumin ne kaɗai ibada a cikin abubuwan da ya ɗora wa kansa, shi kaɗai aka bar masa. Shi kansa Annabi a kan taguwarsa Ƙaswa'u ya yi Hajjin bankwana, kuma Muhtasar na Halil, wanda malaman ƙasar nan ke komawa gare shi wajen fatawa, ya fifita hawa a kan tafiya ƙasa a aikin Hajji.

Wanda ya haɗa waɗannan ruwayoyi ya warware su sarai shi ne Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388. A littafinsa Muwafaƙat ya bambanta abu biyu. Akwai mutumin da ya nufi aikin alheri, wahala ta tare shi a hanya, ya daure ya cika: wannan yana da ladan aikin da ladan dauriyar. Akwai kuma wanda ya nufi wahalar kanta, ya bar hanya mai sauƙi da gangan don ya ji jiki: wannan ya nufi abin da shari'a ba ta nufa ba. Banu Salima ba su ƙaura zuwa nesa don su ƙara taku ba, can gidajensu suke tun asali. Nana A'isha ba ta zaɓi gajiya ba, aikin ne ya zo da ita.

Hukuncin sallar matafiyi ma yana nuna haka. Malikiyya sun ɗaura ƙasaru a kan nisan tafiya, mil 48, wato sama da kilomita 80 kaɗan, ba su ɗaura shi a kan zufar matafiyi ba. Mutumin da ya taso daga Tambuwal zuwa Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 100, zai yi ƙasaru ko a kan jaki ya je ko a motar da ke da na'urar sanyi. Da a ce gumi ne ma'aunin, da an hana mai jin daɗin tafiya wannan rangwame.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa da ke kan hanyar Tambuwal zuwa Sakkwato kafin ya koma birni a 1815, ya buɗe littafinsa Najmul Ikhwan da bayanin cewa addinin Allah sauƙi ne. Kuma shi Shehu, duk da matsayinsa, Allah bai nufe shi da zuwa Hajji ba, ba wanda ya ce wannan ya rage masa daraja. Suratun Nahli, bayan ta lissafa dawaki da alfadarai da jakuna a matsayin ni'imar abin hawa, ta nuna cewa Allah zai halitta wasu abubuwan da mutanen wancan zamani ba su sani ba. Malamai da dama na wannan zamani sun sa mota da jirgi cikin wannan ishara. Abin da aka kira ni'ima kuwa godiya yake nema, ba a jin kunyar amfani da shi.

Inda wahalar ta koma

Amsar dattijon ke nan ta fuskar hukunci: alhajin jirgi bai rasa ladan Hajjinsa ba, kakan da ya taka ƙasa kuma yana da ladan dauriyar da Allah Ya jarrabe shi da ita. Amma akwai gaskiya a cikin damuwarsa da bai kamata a share ba. Doguwar hanya makaranta ce. Matafiyi yakan zauna gaban malamai a Borno da Sudan, ya koyi harsuna, ya san halin Musulmin da ba irinsa ba, ya dawo da littattafai. Wanda ya tashi daga filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya sauka Madina cikin 'yan awoyi ba zai samu wannan ba, sai ya neme shi da gangan.

Wahalar ma ba ta gushe ba, wuri ta sauya. A 2025 kuɗin kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai ya haura naira miliyan 8. Manomin Kebbe da ya tara wannan kuɗi daga shinkafa da gero da kiwon 'yan raguna, shekara da shekaru yana hana kansa, ya riga ya yi tafiyarsa ta ƙasa a cikin gonarsa tun kafin ya ga jirgi. Hadisin Nana A'isha ya ambaci abin da aka kashe tare da gajiyar jiki, kuma wannan manomi yana cikinsa.

Sannan ga abin da ke faruwa idan babu tsari da abin hawa. Ranar 24 ga Satumba, 2015, turmutsitsin Mina ya ci rayukan ɗaruruwan mahajjata a ƙididdigar hukumomin Saudiyya, fiye da 2,000 a ƙididdigar kafofin labarai da suka tattara alƙaluman ƙasashe. Sakkwato na cikin jihohin Najeriya da suka fi rasa mutane, kuma har yau akwai gidajen da ba su manta wannan Babbar Sallah ba. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya sun sanar da mutuwar mutum 1,301, suka ce mafi yawansu marasa izinin Hajji ne da suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana, ba inuwa ba abin hawa. Muna yi musu fatan shahada. Sai dai babu malamin da zai ce a cire jirgi da inuwa domin wasu ma su samu irin wannan ƙarshe. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Idan aka dawo gida

Nan ne tambayar ta fi shafar Tambuwal da Kebbe. Tunanin cewa wahala da kanta alheri ce bai tsaya a kan Hajji ba, ya shiga maganar yau da kullum. Mace mai naƙuda da aka ɗauko a kan babur daga ƙauye, ta hanyar da ruwan damina ya cinye, idan ta rasa abin da ke cikinta sai a ce ƙaddara ce. Ɗalibin da ya bar karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo saboda kuɗin mota ya gagare shi, a ce ya yi haƙuri, bayan wuya sai daɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Kowane buhun albasa ko shinkafa da za a kai kasuwar Jega ya ji wannan a jikinsa. Ga kuma fargabar 'yan bindiga da ta sa wasu hanyoyin ƙauyuka ba a bin su da yamma.

Ƙaddara gaskiya ce, haƙuri kuma ibada ne, mai naƙudar nan da ɗalibin nan suna da ladan abin da suka jure. Amma ladan wanda ya jure ba ya wanke wanda aka ba amanar gyara hanyar ya ƙi gyarawa. Littattafan ayyukan su biyun daban-daban ne. Hadisi ya sa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, wani kuma ya kira tafiya yanki na azaba, ya ce wanda ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gyaran hanyoyi da gadoji da kasuwanni da tallafa wa masu sana'a cikin ayyukan da ke wuyan shugaba. Shekara ɗari biyu ke nan da rubuta wannan, a ƙasar nan, da hannun ɗan'uwan Muhammadu Buhari, mutumin da ya riƙe Tambuwal.

Ba ana cewa gobe a kafa jirgin lantarki tsakanin Kebbe da Tambuwal ba ne. Irin wannan layi yana biyan kansa ne inda dubban ɗaruruwan mutane ke bin hanya ɗaya safe da yamma, kuma Legas da duk kuɗinta ta shafe fiye da shekara goma tana gina kilomita 13. Abin da yankin ke buƙata yana da jeri: hanyoyin ƙauyuka da mota za ta bi rani da damina, tsaron da zai sa a bi su, wutar da za a dogara da ita, sannan layin dogon da zai haɗa Sakkwato da sauran ƙasa, kamar yadda ake gina na Kano zuwa Maraɗi tun bayan aza harsashinsa a 2021. Neman waɗannan abubuwa ba rashin tawakkali ba ne. Wanda ya yi addu'ar samun sauƙi bayan sallah, sannan ya tambayi wakilinsa ina aka kwana kan hanyar garinsu, abu ɗaya yake nema ta ƙofa biyu da shari'a ta buɗe masa.

Waya ɗaya, amanar mutum dubu

Jirgin lantarki yana da wani darasin da na dizal ba shi da shi. Tunda ba ya ɗauke da mansa, rayuwarsa tana hannun mutanen da fasinja ba zai taɓa gani ba: mai kula da madatsar ruwa ko tashar gas, mai gyaran turakun wuta a daji, mai duba waya da tsakar dare, mai tsara lokacin tashi, da mai gadin da aka ba cin hanci ya ƙi karɓa. Mutum ɗaya daga cikinsu ya ci amana, jirgi mai ɗauke da mutum 3,000 ya tsaya cak.

An ga haka a Afirka ta Kudu, ƙasar da ta fi kowace a kudu da Sahara dogon tarihin jiragen birane masu lantarki. A lokacin kullen korona na 2020, ɓarayi sun kwashe wayoyin tagulla da kayan tashoshi har yawancin layukan suka daina aiki. Babban layin da ke kai talakawan unguwannin Khayelitsha da Mitchells Plain wurin aiki a birnin Cape Town ya shafe shekaru a rufe, har mutane suka kafa bukkoki a kan dogo. Ma'aikatan da ke biyan kuɗi kaɗan a jirgi suka koma biyan ninkinsa a motocin haya. An ga irinsa a gida a watan Oktoba na 2024, lokacin da lalata turakun layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, tare da lalacewar wani layin da ke kawo wuta ta Binuwai, ya bar jihohi da dama na Arewa, har da Kano, cikin duhu fiye da mako guda. Masu niƙa, masu walda, masu sayar da ƙanƙara da asibitoci duk sun ɗanɗana.

Wanda ya yanke wayar wuta ko ya kwance ƙarfen gada ya sayar wa 'yan gwangwan, dukiyar jama'a ya ci, kuma ba shi da mutum ɗaya da zai je ya nemi yafiyarsa, domin masu haƙƙin ba su ƙirguwa. Wanda ya saya daga hannunsa yana sane, abokin tarayyarsa ne. A ɗaya gefen, Imam Gazali a Ihya ya sa likitanci da lissafi da sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su cikin farillan da idan babu mai yin su a gari, kowa ya yi laifi. A wannan zamani aikin injiniyan lantarki da na mai gyaran hanya suna cikin wannan sahu. Yaron Dogon Daji ko Kuchi da ya tafi koyon aikin wuta da niyyar amfanar jama'arsa yana sauke wa garinsu farilla ne, kuma ya cancanci a yi masa addu'a irin wadda ake yi wa mai tafiya neman fiƙihu.

Saboda haka akwai aiki a gaban malamai da limaman Juma'a na Tambuwal da Kebbe. Su karantar da haƙuri kamar yadda suka saba, su haɗa da bayanin cewa cire wa mutane wahalar da za a iya cirewa wajibi ne a kan mai iko, kuma satar kayan wuta da na hanya cin amanar al'umma ne. Iyaye su tura yara makarantun koyon sana'a da fannin injiniya ba tare da jin sun karkatar da su daga addini ba. Masu zaɓe kuma, duk wanda ya zo neman ƙuri'arsu, daga kansila har sanata, su tambaye shi wace hanya ya gyara, wane ƙauye ya kai wa wuta, kuma me ya yi a kan maganar layin dogon Sakkwato.